Kwaɗo a Ƙofar Tabawa

Ranar Lahadi da hantsi aka buga waya komisariya, wato ofishin 'yan sanda, aka ce wari na fitowa daga wani ɗaki a unguwar Treichville. Watan Yuni ne na shekarar 1997, ruwa ya yi kwana uku yana zuba yana ɗaukewa. Komisa, shugaban ofishin, ya duba adireshin, ya ga gidan Hausawa ne, sai ya sa aka kira masa Sufeto Badaruddeen. Duk ofishin shi kaɗai ke jin Hausa.

A unguwar aka haife shi. Mahaifinsa, marigayi Malam Ibrahimu mai goro, daga Katsina ya zo. Badaruddeen ya yi makarantar Faransanci, kuma tun ranar da ya sa kaki mutanen unguwar suka soma yanke hira in ya iso. Ya koma Adjamé, ya kama ɗaki ɗaya a saman wani shagon gyaran rediyo, shi kaɗai. Ranar Juma'a yakan tsallako gada ya yi salla a babban masallacin Treichville, amma a sahun ƙarshe, can bakin titi, inda ba wanda zai matsa don kada kafaɗarsu ta haɗu.

Suka isa shi da Saje Kwasi. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha huɗu, famfo ɗaya a tsakiya. Mutanen gidan sun taru a ɓangare guda, sun toshe hanci, ba wanda ya kusanci ɗakin da ke lungu kusa da bayan gida.

An kulle ƙofar ta waje da babban kwaɗo.

"Ɗakin wa?" Sufeto ya tambaya.

Can wata mata ta ce, "Na waccan ne."

"Waccan ba ta da suna?"

"Tabawa."

Saje ya ɗaga guduma. Sufeto ya riƙe hannunsa, ya ce masa da Faransanci kada ya fasa kwaɗon, ya kwance ƙarfen da ke riƙe da shi.

Tana kwance daf da ƙofar. Za ta kai shekara hamsin da biyar. Jini ya bushe a ƙeyarta, akwai wani a kusurwar gadon ƙarfe, ya kuma ja layi daga gadon har inda take. Sabuwar atamfa ce a jikinta. A tsakar ɗakin an shimfiɗa darduma mai kyau, an ajiye kofin ruwa a gefe an rufe da faifai, ba a sha ba.

Sufeto ya tsuguna. Fentin ƙasan ƙofar ya kankare, faratan hannunta biyu sun karye. Ya ɗago kai, ya ga wani ƙaramin kwaɗo rataye a ƙusa da makullinsa a jiki.

"Ga nata kwaɗon," ya ce wa Saje. "Na wajen na wani ne. Kuma ta yi baƙo, irin baƙon da ake shimfiɗa wa darduma."

Da aka ɗauke gawar, ya nemi mai gidan.

Alhaji Ɗantani dattijo ne mai shekara kusan saba'in, ɗan kasuwa mai shigo da kaya daga Najeriya. Shi ke raba faɗan miji da mata a gidan, shi ke raɗa wa jarirai suna, kuma ba mai zuwa wurin hukuma sai da izininsa. Ya karɓi Sufeto a barandarsa.

"Ɗan Malam Ibrahimu. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Zauna."

"Amin, Baba. Yaushe rabonka da ganinta?"

"Tun Laraba, ina jin. Da na ga kwaɗo na ɗauka tafiya ta yi."

"Tana tafiye-tafiye ne?"

"Ban sani ba, ɗana. Ba ta shiga mutane."

"Ita ce ba ta shiga, ko su ne ba sa barinta?"

Alhaji ya ja carbi. "Mutane suna da abin da suka yarda da shi. Ni dai na yi iya ƙoƙarina. Sau uku suna zuwa a kan in kore ta, na ce muddin ina raye ba mai fitar da ita daga gidan nan. Ka tambayi kowa."

"Wa ke shiga ɗakinta?"

"Ba kowa. Shekara uku ke nan."

Da Sufeto ya miƙe, idonsa ya kai kan wani ƙaramin ɗakin ajiya a ƙarshen barandar. An ɗaure ƙofarsa da waya. Ya rubuta a ɗan littafinsa.

Ɗakin da ke manne da na Tabawa na Zaituna ne, wata mai ɗinkin hula. Ta ƙi yarda a yi maganar a ciki, ta ce a tsaya bakin famfo inda kowa ke gani.

"Me ta yi muku?" ya tambaye ta.

Ta rage murya. "Mayya ce, ranka ya daɗe."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani. Yara uku ta ci a gidan nan cikin wata biyu. Zazzaɓi kaɗan, sai yaro ya daina fitsari, ya kumbura, ya mutu. Kuma dukansu sun ci wainarta. Da waina take sayarwa a ƙofar gida, kullum tana kiran yara tana ba su kyauta. Ita ba ɗa, ba miji. Me take nema da 'ya'yan mutane?"

"Sai kuka yi yaya?"

"Da ta uku ta kwanta, Ni'ima 'yar Sa'ad, aka fito da ita tsakar gidan nan aka sa ta tsallaka yarinyar sau uku, ko za ta sake ta. Tana kuka tana rantsuwa. Washegari yarinyar ta rasu."

"Daga nan fa?"

"Daga nan aka bar ta da halinta. Ba mai sayen abinta, ba mai gaishe ta. Ba ta ɗiban ruwa sai kowa ya gama. Yaron da ya amsa mata magana a zane shi."

"Wa ya kafa wannan doka?"

Zaituna ta yi masa kallon mamaki. "Ba wanda ya kafa. Haka dai aka yi."

"Ranar Juma'a ko Asabar, kin ji wani motsi a ɗakinta?"

"Ban ji komai ba."

"Katanga ɗaya ce tsakaninku."

"Na ce ban ji ba. Juma'a ma duk matan gidan nan muna gidan suna, tun sha biyu har la'asar."

"Har da ita?"

"Wa zai gayyace ta?"

Sa'ad yana sayar da tsofaffin rediyo a kasuwar da ake kira Black Market. Sufeto ya same shi a ɗakinsa, matarsa Hussaina na zaune a bayan labule. Mutum ne siriri, idanunsa sun faɗa.

"An ce ka taɓa cewa za ka kashe ta."

"Na faɗa. A gaban kowa na faɗa, ranar da na dawo daga binne 'yata. Ban yi ba. Amma kada ka sa ran zan yi kuka."

"Kana da kwaɗo irin wannan?" Ya nuna masa.

"Ba nawa ba ne. Irin na 'yan sito ne wannan."

"Matarka tana magana da ita?"

"Matata?" Sa'ad ya yi dariyar da ba daɗi. "Da wadda ta cinye mata 'ya? Ko hanya ba sa haɗawa."

Labulen ya motsa kaɗan. Sufeto ya ga yatsun ƙafar Hussaina sun lanƙwashe a kan tabarma.

"Haka ne, malama?"

"Haka ne," ta ce daga ciki.

Da zai fita, Sa'ad ya bi shi har ƙofa. "Kai namu ne, ko ba namu ba? Ka san abin nan gaskiya ne. Turawan da suka koyar da kai ne ba su sani ba. Ka rubuta ta faɗi ta mutu, ka bar mutane su huta."

"Wanda ya faɗi ba ya kulle kansa ta waje," in ji Sufeto.

A hanyar komawa Saje Kwasi ya ce a ganinsa Sa'ad ne, a kama shi kawai. Sufeto ya girgiza kai. Matar da aka wulaƙanta shekara uku ba za ta sa sabuwar atamfa ta shimfiɗa darduma don mutumin da ya yi alkawarin kashe ta ba.

Ranar Litinin da safe likitan da ya duba gawar ya kira Sufeto.

"Ƙeyarta ta bugu da ƙarfe," ya ce. "Akwai shatin yatsu a damatsanta biyu, an riƙe ta an hankaɗa. A lissafina Juma'a ne, tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu."

"Nan take ta mutu?"

"A'a. Ta suma, ta farfaɗo. Ta kai wajen magariba da ranta. Da an kawo ta asibiti, ina kyautata zaton da ta rayu."

Sufeto ya koma Treichville, ya tsaya a ƙofar Zaituna.

"Kun dawo daga suna da la'asar. Likita ya ce a lokacin tana raye, tana kankarar ƙofa. Zan sake tambayarki sau ɗaya."

Hular da take ɗinki ta faɗi daga hannunta.

"Na ji," ta ce. "Na ji ana ƙwanƙwasawa ƙasa-ƙasa, da nishi. Na leƙo na ga kwaɗo a waje. Ɗaki a kulle, kuma ana motsi a ciki. Na ce aikinta ne take yi. Na kama addu'a, na tura yarana ɗakin ƙanwata."

"Ke kaɗai kika ji?"

"Duk wanda ya je bayan gida ya ji."

"Ba wanda ya ce a buɗe?"

"Wa zai fara, ranka ya daɗe? Wanda ya fara, gobe shi za a ce abokin cin namanta ne."

Ya rubuta. Sannan ya tambaye ta da me Tabawa ke ci tun da aka daina sayen wainarta. Zaituna ta ce kullum da sassafe takan ɗauki tire ta hau gbaka, ƙaramar motar haya, zuwa tashar Adjamé. Can take sayar da lemo.

Tashar cike take da laka da hayaƙi. 'Yan kamasho na ihun Bouaké, Korhogo, Bamako, Niamey, 'yan dako na ratsawa da kaya a ka. A bayan motocin Nijar ya sami layin masu lemo. Akwai benci ɗaya da rabinsa ba kowa. Matar da ke ɗaya rabin, Rakiya, 'yar Maraɗi ce.

Da ya gaya mata, ta ajiye wuƙar fere lemo.

"Innalillahi. Na ce ko zazzaɓi ne ya hana ta fitowa."

"Kin san abin da ake ce mata a gida?"

"Ta gaya mini tun farkon zuwanta. Ta ce gara in ji daga bakinta. Na ce mata ni ga jikokina nan suna hawa cinyarta kullum, ba wanda ko mura ta kama. A nan Iya mai lemo ce kawai. In magariba ta yi sai ka ga tana jan jiki, ba ta son tashi."

"Akwai mai zuwa wurinta?"

"Wata yarinya, duk Talata. Takan rufe fuska da mayafi, ta zauna nan su yi ta magana, wani lokacin su yi kuka tare. Hussaina take kiranta."

"Yaushe kika ga Tabawa na ƙarshe?"

"Alhamis. Ban taɓa ganinta da fara'a irin ta ranar ba. Ta ce mini, 'Rakiya, gobe bayan Juma'a za a wanke ni.' Har ta karɓo ɗinkinta wurin tela."

Rakiya ta sa hannu ƙarƙashin bencin, ta ciro wani ƙullin tsumma. A ciki akwai ƙaramar kwalbar maganin zazzaɓin yara, saura kaɗan a gindinta.

"Ta ce in ajiye mata, kada ta kwana da shi a gida. Yarinyar ce ta kawo mata ranar Talata. Akwai wani ma'aikacin farmasi, kantin magani, da ke sayen lemo a nan, ta nuna masa. Da ya karanta sai fuskarsa ta canza."

Sufeto ya nemi mutumin a farmasin da ke tsallaken titi. Mutumin ya juya kwalbar a hannu, ya ce ya tuna da ita. Jabun magani ne da ya shigo ta bayan fage shekara uku da suka wuce, an haɗa shi da wani ruwa mai kashe ƙoda. Yaron da ya sha yakan daina fitsari, ya kumbura. Ya ce abin da ya gaya wa mai lemo ke nan.

Washegari Talata. Sufeto bai je gidan ba da safe. Ya zauna a rabin bencin Tabawa yana jira. Wajen sha ɗaya wata mata mai mayafi ta iso, ta tsaya cak da ta gan shi.

"Zauna, Hussaina. Mijinki ba zai ji daga bakina ba."

Ta zauna a bakin bencin. "Ban san me ya kawo ni ba. Na san ba ta nan."

"Tun yaushe kike zuwa?"

"Shekara guda. Ranar da aka sa ta tsallaka Ni'ima, ni na riƙe yarinyar. Na ga fuskar Iya. Tun ranar ban yarda ba, amma wa zan gaya wa? A gidan nan in ka ce ba mayya ba ce, kai ma ka zama. Iya ce kaɗai ke barina in ambaci sunan 'yata. Babanta ya hana."

"Kwalbar fa?"

"Tana cikin kayan Ni'ima da na ɓoye. Iya ce ta tambaye ni wata rana me yarinyar ta ci, me ta sha, ɗaya bayan ɗaya. Da na ambaci maganin ta ce in kawo."

"A ina kuka saya?"

"Ba saye muka yi ba." Ta ja mayafinta. "Baba Alhaji ne ya raba. Ya shigo da kwalaye, ya ce kowane ɗaki mai yara a ba shi kwalba ɗaya sadaka, saboda lokacin sauro ne."

"Tabawa ta san haka?"

"Na gaya mata. Ta ce ai Alhaji bai sani ba ne, shi ma cutarsa aka yi. Ta ce shi ne ya hana a kore ta, shi zai fi kowa murna. Ranar Laraba da yamma ta same shi, ta roƙe shi ya tara mutanen gida bayan sallar Juma'a ya faɗa musu da bakinsa, don ita ba mai saurarenta. Ya ce zai zo ɗakinta su yi magana tukuna."

"Wa ya gaya miki wannan?"

"Ita. Mun haɗu a bakin bayan gida, ta raɗa mini tana wucewa."

"Da kika ga kwaɗo fa?"

Hussaina ta sunkuyar da kai. "Ni ma na ji motsin. Na tsaya a ƙofar. Sai na ga Zaituna na kallona. Na wuce."

Bayan la'asar Sufeto ya shiga gidan da Saje Kwasi da ƙarin ɗan sanda ɗaya. Ya ce kowa ya fito. Alhaji Ɗantani na kan kujerarsa a baranda.

"Baba, ranar Juma'a da ta wuce, ina ka yi salla?"

"Inda na saba. Babban masallaci, sahun farko, bayan liman."

"Tun kafin huɗuba?"

"Shekara talatin ban taɓa rasa huɗuba ba."

"Ni a sahun ƙarshe nake salla, Baba, bakin titi. Mai wannan wurin yana ganin duk wanda ya makara. Ka iso an yi raka'a ɗaya. Ka tsaya tsakanin 'yan dako biyu, mutum huɗu tsakanina da kai, kuma ba ka da hula."

Mutanen gidan suka juya suna kallon Alhaji.

"Tsufa ne," in ji Alhaji. "Na manta. Cikina ne ya ɓaci ranar."

"Ɗakin ajiyarka, me ya sa aka ɗaure shi da waya?"

"Kwaɗon ya lalace."

"Ara mini makullanka."

"Ɗan Malam Ibrahimu, a gidana? A gaban iyalina?"

"Makullan, Baba."

Wani daga cikin mazan ya ce wannan rashin kunya ne. Wata ta ce dama an san ba zai yi wa nasa adalci ba. Sufeto bai waiga ba. Ya miƙa hannu ya bar shi a miƙe.

Alhaji ya ciro tarin makullai daga aljihu. Saje ya kawo kwaɗon, har yanzu yana maƙale da ƙarfen ƙofar Tabawa. Na farko bai shiga ba. Na biyu bai juya ba. Na biyar ya juya, kwaɗon ya buɗe.

Sufeto ya ɗora kwalbar a kan teburin da ke gaban Alhaji.

"Wannan ka nema a ɗakinta, ba ka samu ba."

Alhaji ya kalli kwalbar ya daɗe. Carbin ya zame daga hannunsa, bai ɗauka ba.

"Ban san guba ba ne," ya ce. "Wallahi da na raba ban sani ba. Alheri na yi niyya."

"Yaushe ka sani?"

"Bayan yaro na biyu. Wani da na sayar wa a Bouaké ya aiko mini cewa yara na mutuwa. Na kwashe sauran kwalayen na zuba a lagun, ruwan da ke ƙarƙashin gada."

"Kwalaben da ka raba a gidan nan fa? Ka karɓe su?"

Alhaji ya kawar da kai.

"Baba, ka karɓe su?"

"In na bi ɗaki-ɗaki ina karɓa, me zan ce? Na ce a raina sun riga sun ƙare."

Sa'ad ya matso daga cikin mutane. "Ni'ima ce ta uku," ya ce. "Baba, Ni'ima ce ta uku. Ni na riƙa ba ta da cokali."

Saje ya tare shi da hannu. Sa'ad bai yi gardama ba, ya zauna a ƙasa inda yake.

"Lokacin an riga an fara ambaton Tabawa," Alhaji ya ci gaba, idonsa a ƙasa. "Ba ni na fara ba. Shiru kawai na yi. Da suka ce in kore ta na ƙi. Ina ce wa kaina tausayi ne. Amma na san in ta tafi, watarana wani zai zauna ya sake tambayar me ya kashe yaran. Muddin tana lungun can, ba mai tambaya."

"Ranar Juma'a fa?"

"Na jira gida ya watse, na shiga. Ta yi mini shimfiɗa, ta kawo ruwa. Tana ta godiya. Na ce ta ba ni kwalbar, ta bar maganar, zan sa a daina ƙyamarta a hankali. Ta tsaya tana kallona. Sai ta ce, 'Alhaji, ashe ka sani.' Ta ce in ban faɗa ba ita za ta tsaya bakin famfo ta faɗa, ko ba mai ji. Ta nufi ƙofa. Na riƙo ta. Na tura ta baya don ta zauna, ba don ta faɗi ba."

"Tana numfashi da ka fita?"

"Tana yi."

"Sai ka ɗauko kwaɗo."

"Na ce in na dawo masallaci zan san abin yi. Da na dawo, mutane sun cika gida." Ya ɗago kai karo na farko, ya dubi masu hayarsa. "Na zauna a nan har magariba. Ina ganinku kuna wucewa ta ƙofarta. Ina jira wani ya ce a buɗe."

Zaituna ta juya ta shige ɗakinta.

Saje ya ciro ankwa. Alhaji ya roƙi a bar shi ya sa babbar riga da hula, Sufeto ya yarda. Suka fito da shi ta tsakar gidan, ya wuce famfon, ya wuce matansa da ke kuka a bakin baranda, aka sa shi a bayan mota.

Saura takarda ɗaya. Ɗakin ajiye gawa ba sa sakin mamaci sai da cikakken suna da garin haihuwa, kuma ba a sami katin shaida a kayanta ba. Sufeto ya tsaya a ƙofar gidan da biro a hannu.

"Wa ya san sunan mahaifinta?"

Suka dubi juna.

"Garinsu fa? Shekara nawa tana zaune da ku?"

Wani ya ce kamar Bakatsiniya ce. Wata ta ce a'a, daga Nijar take. Hussaina ma ba ta sani ba. Ba ta taɓa tambaya ba.

Sai murya ta fito ta tagar motar.

"Tabawa Kailu," in ji Alhaji Ɗantani. "'Yar Gumel ce. Mijinta ɗan dakona ne, mota ta kashe shi a tashar Adjamé shekara ashirin da biyu da suka wuce. Ni na kawo ta gidan nan. Tana da ƙanwa ɗaya, Tsahara, in tana raye. A rubuta mata."

Sufeto ya ɗora takardar a kan motar ya rubuta, harafi bayan harafi. Ya tambayi ko akwai wanda zai zo gobe ya karɓi gawar. Hussaina ta ce za ta zo. Sa'ad, daga inda yake zaune a ƙasa, ya ɗaga hannu bai ɗago kai ba.

Ya rubuta sunayensu biyu, ya jira kaɗan ko za a sami na uku. Sannan ya ƙara nasa a ƙasa, ya shiga gaban mota ya ce wa Saje su tafi.